Azumin Inna Kubura

Likita ya haska wa Raihana hoton walimar biki tana kwance a kan gado, na'ura tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta. Tun daga Gummi Inna Kubura ta kawo ɗiyar tata, wadda ta ƙaurace wa abinci har ta koma kamar kara.

"Me kika gani?" in ji likita.

"Maiƙo a bakin cokali," in ji Raihana.

"Amarya fa?"

Inna ta leƙa hoton, ta yi tsaki. "Wace amarya, likita? Cokula biyu ne ke da maiƙo. Kallonsu ma na tada mani zuciya."

Likita ya dubi siririyar tsintsiyar hannun Inna, matar da duk unguwa ke kira waliyyiya, saboda kullum tana azumin nafila.

"Raihana, sauko. Inna, bisimilla, hau gadon."