Farfesan da Bai Iya Ɗaure Akuya Ba

Nuriyya ba ta manta ranar da ta fara haɗuwa da Inna Turai ba. Ta zo kasuwar Rogo daga Ƙaraye sayar da hulunan da take ɗinkawa, ta tsuguna tana karanta guntun jaridar da aka ƙunso mata ƙosai a ciki. Wata tsohuwa mai fura da nono ta daɗe tana kallonta, sannan ta zaro wata takarda daga cikin leda.

"Ke 'yar nan, tunda ko takardar ƙosai ba ki ƙyale ba, zo ki karanta min wannan."

Labarin wani likita ne ɗan Falgore, Abdulmutalib, wanda ke yi wa masu ciwon daji na mafitsara da ƙoda tiyata a asibitin koyarwa a Kano. Nuriyya a aji uku ta bar makaranta, sauran karatun da kanta ta koya, don haka a hankali take bin layi.

"Wa kika ce? Kunnena ya yi nauyi."

Ta maimaita sunan. Sau uku tsohuwar ta sa ta faɗa, sannan ta ja tsaki. "Wancan? Garinmu ɗaya. Aikin banza."

Daga ranar, kowace kasuwa da takardar da Inna za ta kawo, tsofaffi da sababbi. A haka Nuriyya ta haddace rayuwar mutumin. Shekara shida yana karatun likita. Wasu shida yana koyon tiyata. Biyu a ƙasar waje. Ya dawo yana koyar da ɗalibai, ya rubuta bincike sama da arba'in a kan tsofaffin da kunya ke hana su zuwa asibiti har ciwo ya ci ƙarfinsu. Bana aka ba shi farfesa.

"Shekara goma sha huɗu," in ji Inna, tana dama fura, "don dai a leƙa fitsarin tsofaffi. Kare ma da hanci yake ganewa."

Matan da ke zaune gefenta sukan sunkuyar da kai suna dariya. Nuriyya kuwa abin na yi mata zafi. Akwai hotonsa ɗaya da tabarau ya karkace masa, takan daɗe a shafin fiye da yadda karatun ke bukata. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka mahaifinta, Malam Shitu, ya fara daɗewa a banɗaki. Buta ɗaya ta zama uku, har ya daina tsayawa a sahun gaba a masallaci. Da kyar ya yarda aka yi gwaji. Likita ya ce ciwon daji ne, amma bai yaɗu ba, za a iya shawo kansa in aka yi aiki cikin wata biyu. Ya rubuta musu takarda zuwa Kano, kuma sunan da ke kanta Nuriyya ta san shi.

Malam Shitu mutum ne da ko taki ba ya saye sai ya yi bincike. Da ya ji akwai tsohuwar da ta san likitan tun yana yaro, ya hau mota har Rogo. Suka gaisa, aka tambayi gida da damina da shanu, sannan ya rage murya.

"Baiwar Allah, tsakaninki da Allah, yaron nan ya iya aiki?"

Inna ta kau da kai, ta gyara lulluɓi. "Ni za ka tambaya, Malam? Wanda ko akuya bai iya ɗaurewa ba? Sau biyu tana shiga gonar gyaɗar mutane."

A mota Malam Shitu ya yanke hukunci. Wanda akuya ta gagara ba zai riƙe wuƙa a ƙasan cibiyarsa ba. Nuriyya ta lissafa masa shekarun karatu da binciken arba'in. Ya ce takarda ba ta san yaro ba, mutanen garinsu ne suka san shi. Mako uku suka wuce. Ya rame, wandonsa ya fara yi masa yawa.

Ranar kasuwa ta huɗu ta zo ba ko hula ɗaya a hannunta. Ta yi niyyar faɗa wa tsohuwar magana mai ɗaci. Kafin ta buɗe baki, Inna ta miƙo mata wani ɗan littafi sabo fil, laccar da likitan ya gabatar ranar da ya hau kujerar farfesa.

"Yaya jikin Malam? An yi aikin?"

"Ya fasa. Saboda maganarki."

Ludayin ya suɓuce cikin ƙwarya. "Ya fasa? Innalillahi! Da furfurarsa? To me yake so in ce masa a tsakiyar kasuwa? Mutanen Ƙaraye ba su san kunya ba ne?"

Nuriyya ta sunkuyar da kai. Don ta ɓoye fuskarta ta buɗe littafin. Gaba ɗaya da Turanci aka rubuta shi, sai shafin farko, layi biyu kacal da Hausa, inda marubuci ke faɗin wanda ya sadaukar wa aikinsa. Ta karanta a zuci. Ta ɗago ta dubi tsohuwar, wadda ta duƙufa tana goge faifan da ba abin da ya taɓa shi.

Dariya ta kama ta har da hawaye. Ta san kalma biyu za ta faɗa wa babanta ya nemi takalminsa.

Ta durƙusa. "Inna, na yi miki alkawari, jibi Baba yana Kano. Kuma ba za mu sake zuwa mu ce uwa ta yabi ɗanta na fari ba."