Rotil ɗin Motar Alhaji Jatau

"Kada ka canza rotil ɗin nan, Manzo. Kada kuma ka tambaye ni dalili," in ji Sufyan, murya ƙasa-ƙasa.

Manzo bakanike ya girgiza tayar gaba, ya ji tana ƙwas-ƙwas. Rotil ne ke riƙe da taya, in ya tsinke a kan hanya sai dai addu'a. Motar kuwa ta Alhaji Jatau ce, mahaifin Sufyan. Manzo ya dubi Sufyan. Gado yaron nan ke hange?

Sufyan na fita, Manzo ya zagaya garin Tasawa har ya samu rotil na asali. Ya ɗaura, ya kai ma Alhaji motar da kanshi.

Washegari Sufyan ya shigo gareji a guje. "Me ka yi ma motar?"

"Gyara ta na yi. Ba da hannuna za a kashe Alhaji ba."

Sufyan ya dafe kai. "Yanar ido ta kama Baba tun bara, ya hana mu faɗa ma kowa. Tsoron ƙarar nan kaɗai ke hana shi tuƙi. Yanzu ya kama hanyar garin Kanambakashe, yau kuma kasuwa ke ci."