Abin da ke Bayan Goshin Mamani

Shekara ashirin da biyu Mamani yana ginar rijiya a ƙasar Dakoro, inda sai an yi gaba arba'in ko hamsin kafin a ga ruwa. Da basira aka san shi. Yakan damƙi ƙasa ya murza, ya ce a ci gaba, ko ya ce kowa ya fito sai an ɗaure bango da siminti. Ba a taɓa rasa mutum a ramin da ya tsaya a kansa ba.

Bara da rani, a wata rijiya kusa da Ɗan Gulbi, dutse ya suɓuce daga guga ya same shi a goshi. Ya kwana huɗu a asibiti a Maraɗi bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya gane kowa, ya yi salla, ya ci abinci da hannunsa. Dangi suka yi hamdala.

Ranar sallama likita ta kira matarsa Hamsatu gefe, ta nuna mata hoton kan mijinta.

"Ƙwaƙwalwa kashi-kashi ce, kowane da aikinsa," in ji likita. "Na ƙeya shi ke gani. Na wajen kunne shi ke ji, ya gane magana. Wannan na bayan goshi shi ke tsara aiki, ya auna abin da zai biyo baya, ya ce wa mutum dakata. Nan ne ya ji ciwo. Zai yi hira lafiya lau, amma kada a bar shi ya yanke shawarar da ran wani ke ciki."

Hamsatu ta riƙe maganar, a gida kuma ta gani da idonta. Mamani zai fara gyaran darni, ya bari, ya kwance awaki, su faɗa gonar gyaɗar maƙwabci yana kallo. Wata rana ya hura wutar shayi a gindin rumbun hatsi. Da ta kashe wutar, sai ya yi dariya, ya ce ai iska ba ta nan.

Bayan wata biyar yayansa Elhaji Tanimu ya zo. Shi ke karɓo musu aiki, kuma ya riga ya yi wa makiyayan Bader Goula alkawarin rijiya.

"Elhaji, ƙanenka bai warke ba," in ji Hamsatu.

"Mi ya rage? Ga goshi ya haɗe, ko tabon kirki babu. Jiya ya lissafa mini kakanninmu bakwai bai yi kure ba."

"Tunawa daban, auna abu daban. Likita ta ce..."

"Likita ta taɓa shiga rijiya? Ke so kike a ce ɗan'uwana ya taɓu, a riƙa nuna gidanmu da baki."

Hamsatu ta zauna a kan buhun kayan aikin mijinta, ta ce sai dai a ɗauke su tare. Elhaji ya fita ya aro wasu kayan. Mamani ya bi shi yana murna, ko waiwaye bai yi ba.

Ba ta haƙura ba. Ta je gidan Jimrau, wanda shi ke sauka ƙasan rami, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ta faɗa masa duk abin da likita ta ce.

"Hamsatu, Mamani ya koya mini aikin ga," in ji Jimrau. "Da wane baki zan ce mishi hankalinshi bai kai ba?"

A mako na uku da fara ginar rijiyar suka tarar da rairayi mai laushi. Jimrau ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce bango yana zuba. Mamani ya leƙa, ya ce, "Gina, ruwa ya kusa." Babu wanda ya musa, domin babu wanda ya taɓa musa masa. Kafin azahar bangon ya rufta. Sai washegari aka ciro gawar Jimrau.

Bayan jana'iza 'yan'uwan mamacin suka nufo gidan Mamani a fusace, Elhaji yana bayansu yana cewa shi bai san komai ba, ƙaddara ce. Mamani yana zaune a tsakar gida yana tambaya ko Jimrau zai zo aiki gobe. Hamsatu ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ba wanda zai taɓa shi," ta ce. "Ban musa ƙaddara ba, amma na faɗa. Na faɗa ma Elhaji, na faɗa ma marigayi. Mutumin da ke hura wuta a gindin rumbu aka ɗora bisa ran magidanci, don kada a ce gidan Elhaji da mara lafiya. In tambaya kuka zo yi, ga wanda za ku tambaya nan bayanku."

Suka juya suka dubi Elhaji. Ya sunkuyar da kai.

Hamsatu ta mai da mijinta wurin likita, kuma tun daga ranar ba ta sake barin kowa ya kai shi bakin rami ba. Lami matar Jimrau kuwa tana takaba, yaranta huɗu sun zama marayu.

Jama'a, warkewar fata ba warkewar ƙwaƙwalwa ba ce. Wanda ya bugu a ka zai iya yin magana daidai alhali ya rasa auna abin da zai biyo baya. A saurari likita, a saurari wanda ke zaune da majinyaci, kada gudun surutun mutane ya sa a rasa rai.