Masaƙiya da Balan-balan Mai Yoyo

Lantana, aje almakashin nan tukuna. Tunda kin ce kunya kike ji ki kira mai yadin ki tambaye ta irin ɗinkin da take nufi, bari in ba ki wani misali kafin ki yi yankan da ba ya gyaruwa.

An yi wata mata mai saƙa da kwarashi, shekara talatin tana yi. Hular jarirai, safa, rigar sanyi, duk na unguwar aikin hannunta ne. Abin alfaharinta guda ɗaya ne, kuma kowa ya gaji da jin sa: ba a taɓa dawo mata da aiki ba. Ana tsakiyar bazara, irin zafin da ko kaza sai ta saki baki, sai ga wata mai makarantar ƙananan yara ta zo mata da buhun zare mai kauri, mai laushi kamar bargo. Ta ce balan-balan na ruwa take so guda arba'in, yara za su yi wasan jifa da su ranar ba da hutu. Na roba ya ishe ta, da an jefa ya fashe, filin makaranta ya cika da tarkace, awakin maƙwabta su bi suna haɗiya. Ta ciro waya za ta nuna yadda abin yake, masaƙiya ta kawar da kai ta ce, “Haba 'yar nan, ni za a nuna wa saƙa? Ki aiko bayan kwana goma.”

Baƙuwa na fita ta zauna ta saƙa ɗaya, kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama. Ya fito da tumbinsa da ɗan wuyansa, gwanin sha'awa. Ta kai shi bakin randa ta zuba masa ruwa da moɗa, sai ruwan ya bi ta ƙofofin saƙa ya jiƙa mata zane. Nan fa kai ya ɗaure. Ita dai tun tasowarta abin zuba ruwa ko tulu ne, ko gora, ko buta, kuma duk wanda ya fara yoyo ya tashi daga aiki. To ta yaya abu mai ƙofa ɗari zai riƙe ruwa? Ta yar da shi bayan randa, ta sake wani, ta matse saƙar har yatsunta suka yi kanta. Ya zubar. Ta ce laifin zaren ne, ta ture na mai makaranta gefe, ta sayo siririn zaren roba. Shi ma ya zubar, sai dai a hankali. Ta shafa masa kakin zuma, ya yi danƙo, ƙudaje suka samu wurin zama. Maƙwabta in sun leƙo sai su tarar da ita tsugune gaban randa tana yi wa ƙwallon zare faɗa. Lambar mai makaranta kuwa tana nan rubuce a jikin buhu, sau uku tana ɗaukar waya tana ajewa. Ni wallahi nan ne abin yake ba ni haushi: mace ta yarda ta rame, ba ta yarda a ce yau ta yi tambaya ba.

A kwana na bakwai dabara ta faɗo mata. Ta samo ledar ƙulla ƙanƙara, ta cika kowace da ruwa ta ƙulle, ta saƙe ta a ciki da zaren roba tamau. Arba'in cif, babu mai ko ɗigo. Aka zo aka karɓa tana hura hanci.

Ranar wasa yara suka kwasa suka fara jifa, amma babu wanda ya jiƙe. Abu sai ya sauka a bayan yaro tim, kamar ɗanyen mangwaro, ya gangara ƙasa a bushe. Kafin malamai su ankara leɓen wata yarinya ya kumbura, wasa ya koma kuka. Da la'asar sai ga mai makaranta da buhu a hannu, ta dire shi a tsakar gida a gaban matan da suka zo karɓar saƙa. Masaƙiya ta hau rantsuwa cewa ko ɗaya bai yi yoyo ba, a gwada a gani. Mai makaranta ta bi tsakar gidan da kallo. Can idonta ya faɗa bayan randa, ta hango na farkon nan da aka yar, ya sha ƙura. Ta ɗauko ta kakkaɓe, ta tsoma shi a bokiti ya sha ruwa ya ƙoshi, ta maka shi a bango. Ruwa ya fantsama har fuskokin mutane, abin ya faɗo ƙasa lafiya lau. Ta sake tsoma shi, ta ɗaga yana ɗiga, ta ce, “Inna, wannan fa nake so. Ai yoyon shi ne wasan.”

Masaƙiya ta dubi buhun da aka dawo mata da shi, ta dubi abin da ta gama tun ranar farko kafin shayi ya tafasa. Iya saƙa kam ta iya, Lantana, har ta fi ki iya ɗinki. Tambaya ɗaya ce ta gagare ta, ita ta jawo aka dawo mata da aiki a gaban mutane bayan shekara talatin.

Ungo wayata, kira mai yadin yanzu. Hausawa sun riga sun gama magana: matambayi ba ya ɓata.