Ƙarfen Ya Karkace

Ina 'yar shekara takwas, a barandarmu ta unguwar Danau Kota, Baba yana huda doguwar sanda don wayar fitila ta bi ta ciki. Ya sa ni lura da siririn ƙarfen da yake hudawa da shi, sai na ga yana kaucewa.

"Baba, senget!" na ce da yaren Malay.

"Da Hausa za ki gaya min." Bai ko ɗago ba, alhali ya gane sarai.

Na laluba, na rasa kalmar. Ƙarfen ya faso ta gefen sandar, ƙaurin katako ya tashi.

"Ya karkace ake cewa, sakarya!"

Na riƙe kalmar. Har yau idan ya kira ni a waya, da Turanci nake amsa masa.