Mai Gyaran Kwamfuta da Asibitin Ƙetaren Kogi

Kai da kake son ka tafiyar da komai daga kan kujerarka, saurari wannan misali. An yi wani mai gyaran kwamfuta a birni, aka damƙa masa kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a ƙetaren kogi. Bai taɓa taka garin ba, don a ganinsa babu buƙata. Akwai eriya a kan wani dogon ƙarfe a bayan asibitin, tana fuskantar ƙarfen sabis na birni, ba waya a tsakani. Ta wannan hanya yake shiga kwamfutocin daga ofishinsa ya gyara abin da ya lalace, ta nan kuma ungozoma ke tura wa likita hotunan awon masu ciki. Ana nan sai hanyar ta fara ɗaukewa. Da hantsi ta mutu, da la'asar ta dawo don kanta, wata rana kuma ta wuni garau. Ya canza lambar sirri, ya sake saiti, ya sa an kashe an kunna har ya gaji. Sai zuciya ta raya masa ai ungozoma ce ke zare na'ura tana cajin wayarta. Ya kira ta ya gaggaya mata magana. Ita kuwa ta ce, "Malam, wallahi ban taɓa komai ba. Ga wata mata mai tsohon ciki tun safe na kasa tura hotonta, tana zaune tana kallona." Maganar nan ta tsaya masa a rai.

Washegari ya yi sammako, ya hau mota, ya shiga kwalekwale, ya isa da hantsi. Ya duba batir, ya duba sola, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, komai lafiya lau. Yana tsaye a bayan asibiti yana sharce gumi, sai ga tsohuwa mai wanki da baho a ka. Ta shiga shanya jiƙaƙƙun zannuwan gado, ashe igiyar a jikin ƙarfen eriya aka ɗaure ta. A kan idonsa ƙarfen ya riƙa sunkuyawa, har eriya ta kau da fuska daga birni. In kaya suka bushe aka kwashe, sai ƙarfe ya miƙe, hanya ta dawo. Dariya ta kama shi, kunya ta biyo baya. Bai yi wa tsohuwa faɗa ba. Ya ari diga, ya kafa mata turke na dabam, ya ɗaure ƙarfen tamau, sannan ya je ya ba ungozoma haƙuri a gaban mutane. Bai gama shan furar da aka dama masa ba, hotunan da suka taru suka wuce, likita ya fara aiko da amsa, matan da ke kan benci suka yi ta sa masa albarka.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zuwa da kai ya fi aike.