Fayil Mai Layi Arba'in

"Goge shi mu huta, Injiniya," in ji Midhat, abokin aikina, yana murza ido.

Wata huɗu muna jayayya a kan fayil ɗaya. Layi arba'in ne kacal, shi ke tura wa masu wankin ƙoda saƙon ranar zuwansu asibitinmu na Iskandariyya. Na ce a bar shi, shi kaɗai yake aikinsa, ba ya neman komai. Midhat ya dage a sauya yaren kwamfuta, a gina babbar manhaja da kayan harhaɗa ta. Muka gina, ta rushe, muka sake, har gaisuwa ta gagare mu.

Kafin in goge, na duba ranar da fayil ɗin ya yi aiki na ƙarshe. Shekara biyu ke nan.

Na ruga wajen Madam Afaf, tsohuwar nas. "To wa ke tura saƙon?"

Ta ɗago wayarta mai fasasshen gilashi. "Ni mana, ɗana. Mutum tamanin, kowace safiya. Sau uku na zo in faɗa muku, na tarar kuna taro."